Ardith Koskela, Matar da Ta Tsaya a Bakin Ƙofa

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, ko dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, za ka ji tsohuwar motar Ardith Koskela tana tari a bayan ofishinmu. Ba ta shigowa ta gaba. Ta ƙofar baya take bi, ta kakkaɓe takalmi, ta rataye kwat, ta leƙo ta ce, "Verna, yau ma kin riga ni? Ko dai a nan kike kwana ne?" Ni kuma in ce mata ai ni gwiwoyina lafiya lau suke, ba irin na wasu ba. Ta yi dariya ta wuce ɗakin wasa, ta dafa bango ta durƙusa. Shekara ashirin da tara ke nan tana wannan durƙuso, kuma ranar Juma'ar nan za ta yi na ƙarshe.

Aikinta jinyar yara ne ta hanyar wasa. Yaron da wani abu ya same shi bakinsa ya kasa faɗa, sai a kawo mata shi sau ɗaya a mako, minti hamsin. A ɗakin akwai tire babba cike da yashi, akwai gidan 'yar tsana, akwai kantoci jere da ƙananan mutane da dabbobi da motoci da akwatuna. Kowace safiya sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta tabbatar kowa yana wurinsa, ta shafe yashin da tafin hannu. Na taɓa yi mata tsiya na ce ko sojoji ba a yi musu irin wannan fareti. Ta ce yaron da komai na gidansu ke juyawa, gara ya samu ɗaki ɗaya da ba ya juyawa.

Ni ce mai zama a teburin gaba. In ɗauki waya, in rubuta wa ya zo wa zai zo, in ɗora gahawa. Garin nan namu na bakin tafkin Superior kowa ya san Verna Lahti da surutu, kuma ban taɓa musawa ba. Shekara ashirin da biyu muna tare, ni a kan kujera, ita a ƙasa.

Ku tambayi tsohon shugaban makarantar firamare, zai gaya muku ranar da ya tarar da ita ƙarƙashin teburin cin abinci da siket ɗinta na zuwa coci, ita da wata yarinya da ta ƙi fitowa tun safe, ba wanda ke magana a cikinsu. Ku tambayi mai gyaran famfonmu, wanda ɗansa ya cije ta har jini ya fito, ta naɗe wurin da hankici ta ce da yaron, "Ni ba ta cizo ba ce. Ga matashi can, shi ake cizo." Ba ta tambayar yaro me ya same shi. Abin da idonta ya gani kawai take faɗa: "Ka sa kare a waje. Ka rufe ƙofa." Ga wanda bai sani ba sai ya ce wannan ai zaman banza ne, ni ma da farko haka na ce.

Abu ɗaya take gaya wa kowane yaro ranar farko, a gaban wanda ya kawo shi. "Abin da ka yi a ɗakin nan ba na kai shi waje. Sai dai in wani yana cutar da kai. Wannan zan faɗa wa mutanen da aikinsu shi ne su hana." Doka ce ta ɗora mata: da zarar ta yi zargi, ta kira ofishin kare yara. Bincike ba nata ba ne, tambaya ba tata ba ce, domin in ta tambaya, gobe lauya zai tashi a kotu ya ce ita ta sa wa yaro magana a baki.

Ardith, ke ce mai gwiwa a ƙasa, mai kunne ga wanda bai yi magana ba. Na san ba kya son yabo, kuma na san za ki harare ni a kan labarin da zan bayar. Ki yi haƙuri. Mai labarin ce ta ce in rubuta, yanzu shekarunta ashirin da biyu, na kuma canza mata suna da na danginta. Abin da ya faru a cikin ɗakin daga bakinta na ji, don ke har yau ba ki ce mini uffan ba.

Shekara goma sha shida da suka wuce aka kawo mana Linnea, 'yar shekara shida. Mahaifiyarta ta rasu da bazara, mahaifinta Darrel yana aiki a jirgin da ke dakon tama a tafki, ba ya saukowa sai ruwa ya daskare a tsakiyar Janairu. Don haka tana hannun kakarta ta wajen uba, Elma Rautio, wadda take kira Mummu kamar yadda yaranmu ke kiran kaka. Makaranta ce ta turo ta, wai ta daina magana a aji. Elma kuwa maƙwabciyata ce tun ina amarya, katanga ɗaya ce tsakaninmu, benci ɗaya muke zama a ƙungiyar mawaƙan coci. Duk jaririn da aka haifa a layinmu, safar hannunsa ta farko ita ta saƙa. Duk ranar Laraba ƙarfe uku za ta shigo riƙe da yarinyar, ta ajiye mini burodin nisu mai zafi a kan tebur, mu ɓalle da hira.

Ga yadda muke yi da tiren yashi. Ba a rushe abin da yaro ya gina a gabansa. Sai ya tafi, Ardith ta ɗauki hoto, ni kuma in shiga in kwashe kayan in mai da su kan kanta. Ta haka idona ya ga abin da Linnea ke ginawa. Mako na farko, ƙaramar 'yar tsana a cikin akwatin katako, an rufe, an ɗora dutse a kai. Mako na biyu haka. Na uku ma haka. Na ce a raina, Allah sarki, marainiya, jana'izar uwarta take ta maimaitawa.

Ardith ba ta karanta shi haka ba. Ta lura ba uwa ake sa wa a akwatin ba, ƙaramar ce. Ta lura yarinyar tana motsa baki tana ƙirga, in ta kai ɗari ta buɗe, ta fito da 'yar tsanar ta murza mata hannuwa. A mako na uku ta kira ofishin kare yara. Suka saurara, suka rubuta, suka ce wasa kaɗai bai isa su buɗe bincike ba, yarinyar da ta ga an rufe uwarta a akwati ai dole ta yi wasan akwati. Suka ce ta ci gaba da lura, in ta ga wani abu ta sake kira. Ni duk wannan ban sani ba, don Ardith ba ta kawo irin wannan magana teburin gaba.

Sai bakina ya yi aikinsa. Ranar Lahadi bayan sujada muna wanke kofuna ni da Elma, na ce, "Kai, jikar nan taki tana ban tausayi. Kullum sai ta kulle 'yar tsana a akwati ta danne da dutse. Ki riƙa rungumarta, Elma, kewar uwa ce." Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa. Elma ta tsaya da goge kofin da ke hannunta, ta ce, "Haka take yi?" Na ce kullum. Ta ce, "To, madalla da kika gaya mini."

Laraba ta zo, ba su zo ba. Elma ta bugo ta ce mura. Makon nan sanyi ya sauka ƙasa da sifili da ashirin, har motoci suka ƙi tashi. Laraba ta gaba sai ga su, da burodi kamar kullum. Elma ta ce, "Yau ce ta ƙarshe, Verna, ki goge sunanta. Na ga wasan nan ba ya ƙara mata komai sai taurin kai. Don ubanta zai tambaya ne ma na kawo ta a yi sallama." Linnea ba ta dube ni ba. Ta cire hula, ta cire kwat, amma jar safar hannunta tana nan ba ta cire ba.

A ciki, in ji Linnea, ba ta taɓa yashi ba. Ta tsaya jikin ƙofa. Ardith ta zauna a ƙasa ta ce, "Yau kin tsaya kusa da ƙofa. Hannayenki suna cikin safa." Shi ke nan, ba ta ƙara ba. Minti arba'in da biyar suka yi a haka. Ni da an bar ni da na tambaye ta sau ɗari, na cire mata safar da hannuna. Ardith ta san wannan ce ranar ƙarshe, ta ga safar, tana jin agogo, ta yi shiru. Da lokaci ya yi ta faɗi abin da take faɗa wa kowa: "Saura minti biyar."

"Kin faɗa," in ji yarinyar. "Mummu ta san akwatin."

"Wani ya kai maganar wasanki waje," in ji Ardith. "Bai kamata ba. Laifin manya ne, ba naki ba."

Yarinyar ta daɗe tana kallonta. Sai ta sa haƙori ta ja safar. Yatsu biyu sun kumbura sun yi ƙuraje, kan ɗaya ya fara yin baƙi. Ta ce, "Ba akwati ba ne. Ɗakin surace ne. A da, ɗari nake ƙirgawa. Yanzu ta ce ɗari biyar, ni kuwa ban iya ba, sai in yi ta komawa ɗaya. Ta ce in na yi miki magana yau, in mun koma sai dubu."

Kowane gida a garin nan yana da ɗakin surace na katako a bayansa, muna hura shi ranar Asabar mu shiga mu yi gumi. In ba a hura ba, a watan Disamba, cikinsa ya fi waje sanyi.

Ardith ba ta ce yaushe ba, ba ta ce sau nawa ba. Ta ce, "Na ji ki. Na yarda da ke. Kin tuna abin da na ce zan yi in wani yana cutar da ke? Yanzu zan yi shi, kina gani." Ta buɗe ƙofar ƙaramin ofishinta da ke manne da ɗakin, ta bar ta a buɗe, ta ɗauki waya. Ofishin kare yara suka ce ma'aikaciyarsu tana can wani ƙauye, gobe da safe za ta zo. Ardith ta ce gobe ta yi nisa, ta kira 'yan sanda. Suka ce mota ɗaya ce a kusa, hanya ta toshe, tana bin bayan motar share ƙanƙara, minti arba'in in Allah ya taimaka.

Ni ina waje ban san komai ba. Abin da na sani shi ne, tun da na fara aiki da ita ƙofar nan ba ta taɓa wuce ƙarfe huɗu saura goma ba ta buɗe ba. Saura goma ta yi. Saura biyar ta yi. Sai ƙofar ta ɗan buɗe, hannun Ardith ya miƙo mini takarda a ninke, ta ce da murya lafiya lau, "Verna, ga wannan don fayil." Na buɗe a ƙarƙashin tebur. An rubuta: 'Yan sanda na hanya, minti arba'in. Riƙe Elma da hira. Kar ki gaya mata komai.

Na ɗago na dubi Elma. Tana zaune ƙarƙashin hoton tafki tana saƙa, gilashinta a kan hanci, wata 'yar safar hannu ruwan ɗorawa tana lilo daga allura. Nan take kofunan ranar Lahadi suka dawo mini, da yadda ta tsaya da gogewa.

"Agogonku ya mutu ne?" in ji ta, ba ta ɗago ba.

"Kin san ranar sallama," na ce. "Sai an gai da kowace 'yar tsana. Kawo kofinki in ƙara miki."

Na zuba, rabi a kofi rabi a faranti. Ta ce, "Ke kuma lafiya? Hannunki na rawa kamar na mijinki ranar Litinin in ya kwana da giya." Na yi dariyar dole. Ni da ake ce wa ko bango na samu sai na yi masa hira, ranar na nemi magana na rasa. Na jawo zancen hular matar fasto. Na jawo zancen wadda ke ɓata mana murya a layin baya. Na dubi agogo, minti tara kacal suka wuce. Na ce, "Elma, nisu ɗin nan naki, ƙwai nawa kike sakawa ne?"

Ta ajiye saƙar a cinya. Ta cire gilashi.

"Verna Lahti. Shekara talatin kina ce wa mutane naki ya fi nawa laushi. Yau kike tambayata ƙwai?"

Ta naɗe zaren a hankali, ta soke allurai, ta sa a jaka, ta tashi. Ba ta yi sauri ba, kuma wannan ya fi komai tsorata ni. Ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin wasa sau uku. Ardith ta fito ta ja ƙofar a bayanta. Wanda bai san Ardith ba, kanta da ƙyar ya kai kafaɗar Elma.

"Lokaci ya wuce," in ji Elma. "Ba ni jikata, duhu na yi."

"Elma, ba zan yi miki ƙarya ba. Na ga hannunta, dole likita ya gani. Na kira waɗanda doka ta ce in kira, suna hanya. Ki zauna mu jira su tare."

"Wasa ta tsaya yi a waje ba safa. Yara ke nan. Kina da takardar da ta ba ki ikon riƙe ta?"

"Ba ni da ita."

"To matsa."

"Ƙofar ba a kulle take ba. Amma ni ba zan matsa ba. In za ki shiga, sai dai ki ɗauke ni."

Gaskiya Elma ta faɗa, kuma mu ukun mun sani. Ita ce mai riƙon yarinyar. In ta kama hannunta ta fita, ba mai ikon tare ta sai ɗan sanda, shi kuwa yana can bayan motar share ƙanƙara. Gidanta minti shida ne daga ofishinmu.

Elma ba ta taɓa Ardith ba. Murmushi ta yi, ta ɗaga murya kaɗan, irin muryar da take karanta addu'a da ita.

"Linnea, 'yar Mummu. Zan fara ƙirga. Ɗaya."

Ƙofar ba ta motsa ba.

"Biyu."

Ya Ubangiji. Ina kallo mariƙin ƙofar ya fara juyawa daga ciki. Yarinyar da kanta take buɗewa. Da na ga haka na ce shi ke nan, an gama, za ta fito ta miƙa hannu su tafi, ni kuma in koma gida in zauna katanga ɗaya da abin.

Ardith ba ta riƙe mariƙin ba. Ta juya wa Elma baya, ta durƙusa, gwiwoyinta suka yi ƙara, ta kai bakinta daidai tsagin ƙofar. Da muryar nan tata ta kullum, kamar ana wasan yashi, ta ce, "Kin ji muryar Mummu. Kin tsorata. Hannunki ya kama ƙofa. Ina nan a gabanta, ban tafi ba."

"Uku."

"Kina jin ana ƙirga. A ɗakin nan ba a ƙirga miki. Kina iya buɗewa, kina iya zama. Ko wanne kika yi, ina nan."

Mariƙin ya tsaya a rabi. Bai koma ba, bai ƙarasa ba. Ban san lokacin da na taso daga tebur ba, sai ganina na yi tsaye kusa da Ardith, bayana a jikin bango. Elma ta dube ni sama da ƙasa.

"Au, har da ke, Verna? Ba ke kika zo kika gaya mini komai ba?"

Na so ƙasa ta tsage. Ardith ko waiwayowa ba ta yi ba, ta ci gaba da magana da tsagin ƙofa. Elma ta ƙirga har ashirin da bakwai, ina ji, kowace lamba a natse. Sannan muryar ta fashe, ta fara zagi, ta ce za ta sa a kore mu, ta ce ita ta raini ɗa ya zama mutum ba tare da yashi da 'yar tsana ba. Haka muka tsaya, ban san minti nawa ba, har hasken fitilar motar share ƙanƙara ya bugi taga, shuɗin hasken 'yan sanda a bayansa. Sai a lokacin mariƙin ya koma wurinsa.

Linnea ba ta koma gidan ba. Daga ofishinmu asibiti aka wuce da ita, aka ceci yatsun, ban da kan guda ɗaya. Washegari masu horo a kan tambayar yara suka zauna da ita, kuma da aka je kotu lauyan Elma ya yi ta tonon inda Ardith ta sa mata magana a baki, bai samu ko kalma ɗaya ba.

Da kowa ya watse na je neman Ardith. Na tarar da ita a banɗaki ta dafa kwanon wanke hannu tana amai. Na ce, "Ke ma kin ji tsoro?" Ta kurkure baki ta ce, "Kowane kira haka nake, Verna. In na yi daidai, gida ya tarwatse. In na yi kuskure, na shafa wa mutumin kirki baƙin fenti. Akwai iyaye uku a garin nan da ba su da laifin komai, har yau in sun hango ni tsallaka titi suke, kuma ban ga laifinsu ba." Na fara kuka ina ba ta haƙuri. Ba ta rarrashe ni ba. Ta ce, "Kin yi kuskure, yarinya ce ta biya. Kar ki nemi in ce miki ba komai. Gobe ƙarfe takwas. Daga yau ni zan riƙa kwashe tiren."

Garin bai gode wa Ardith ba. Haba, Elma mai saƙa? Elma ta ƙungiyar mawaƙa? Kusan shekara biyu benci guda Ardith ita kaɗai take zama a coci. Ta yi ta zuwa, ta yi ta zama.

A tsakiyar Janairu jirage suka tsaya, Darrel ya dawo. Ya shigo ofishinmu da kayan aikinsa a jiki, ƙato ne, hularsa a hannu yana murɗawa. Na zaci faɗa ya zo yi. Ya gai da Ardith, sai ya zauna a kan 'yar kujerar yara.

"Mahaifiyata ta rantse mini ta daina," in ji shi. "Na ce ta tsufa, jika ai ba ɗa ba ce. 'Yan sanda sun nuna mini hoton bayan ƙofar, inda aka kankare katako da farce. Na ƙasa-ƙasan na Linnea ne. Tsofaffin na sama nawa ne." Sai ya juyo ya dube ni, ba da fushi ba, kuma da fushin ne da ya fi mini sauƙi. "Mis Verna, tagar kicin ɗinki tana kallon bayan gidanmu. Ina hango ki ta tsagin katako kina wanke-wanke. Kullum sai in ce yau za ta zo."

Gaskiya ya faɗa. Ina matar aure sabuwa na sha ganin sawun ƙananan takalma a kan dusar ƙanƙara sun nufi ɗakin suracen Elma, ranar da ba Asabar ba, ba hayaƙi a bututu. Na sha ganin manyan sawu sun dawo su kaɗai. Na ce ban tabbata ba. Na ce maƙwabciya ce, yaya zan haɗa ido da ita a coci in ya zama ba haka ba ne. Na ja labule.

Ardith, ke ce kika ji irin tsoron da na ji, har ya fi nawa, kika ɗauki wayar da shi. Ba ki fi mu ƙarfi ba, na ga amanki da idona. Na gode miki don Linnea, wadda yau take tuƙa motarta da yatsu tara da rabi tana yi mini tsiya. Na gode don yaran da ban san sunan abin da ya same su ba, kuma ba zan taɓa sani ba tun da kin rufe bakinki. Na gode da ba ki ce mini ba komai ba. Allah ya huta da gwiwoyin nan, ya ba ki tsufa mai daɗi.

Ku kuma da ke karantawa, malamai da direbobin motar makaranta da masu zama bakin taga irina, ba a ce ku yi bincike ba, ba a ce ku titsiye yaro da tambaya ba, ba a kuma ce ku je ku gaya wa wanda kuke zargi ba. Lambar ofishin kare yara tana manne a bangon kowace makaranta da kowane asibiti. Za ku ji tsoro, mai yiwuwa ma ku yi kuskure. Ku kira a hakan. Daga ranar Litinin babu Ardith a ɗakin nan. Mu ne muka rage.